Yadda ake soya taliya da kaza irin ta Sinawa a gida

Soyayyiyar taliyar Sinawa, wadda gidajen abinci ke rubutawa da sunan chow mein, girki ne da ba ya wuce minti 8 a kan wuta. Wahalarsa duka tana kafin a kunna murhu: yanke-yanke, jiƙa kaza, haɗa miya a kofi, da shanya taliya ta sha iska. Wanda ya ɗora kasko alhali karas ɗinsa na kan katako, kafin ya waiwayo tafarnuwa ta ƙone.

Salon da ya fi yawo a duniya na mutanen Kanton ne, wato lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, da maƙwabciyarsa Hong Kong. 'Yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya Guangzhou, babban birnin lardin, ba baƙon abinci ba ne a wurinsu. A can ana yin sa iri biyu. Akwai wanda ake soya siririyar taliya a mai har ta yi ƙaras-ƙaras, sannan a kwarara mata miya mai kauri a kai. Akwai kuma wanda ake jujjuya taliya da nama da ganye a kasko ɗaya, miya 'yar kaɗan ta lulluɓe kowane sili. Na biyun ya fi sauri, ya fi ƙarancin mai, kuma shi za a bayyana a nan. Awon da ke ƙasa na mutum 3 ne. Babban cokali yana nufin mililita 15, ƙaramin cokalin shayi mililita 5, kuma duk shafaffu ake nufi, ba masu tozo ba.

Kaza

A fara da kaza, domin ita ce ke buƙatar zama. A samu tsoka zalla giram 300, babu ƙashi babu fata. Cinya ta fi ƙirji dacewa da wannan suyar, saboda tana da ɗan kitse a jikinta, ko an ɗan zarce lokaci ba ta bushewa. Ƙirji ma yana yi, amma ba ya yafe sakaci: daƙiƙa 30 na ƙari sun isa su mayar da shi kamar igiya a baki. Kazar gidan gona ake so. Kazar Hausa ta fi ɗanɗano a farfesu, sai dai tsokarta ba ta nuna cikin minti 2.

In an wanke kazar, a tsane ta sosai da tsabtataccen kyalle ko takardar kicin. A saka ta firiza na minti 20 ta ɗan sandare, wuƙa za ta fi tafiya daidai. Sai a duba yadda zaren tsokar ya kwanta, a gitta shi da wuƙa, kada a bi tsawonsa. Yankan ya zama fale-fale irin na tsire, kaurin milimita 3 zuwa 4, tsawonsa kamar rabin yatsa. Gitta zaren shi ke sa naman ya rabu da sauƙi a baki.

A zuba yankakkiyar kazar a kwano, a sa mata babban cokali 1 na soya sos mara duhu (miyar waken suya ce mai gishiri da ake sayarwa a kwalba), babban cokali 2 na ruwa, kwatan ƙaramin cokali na bekin soda, da ɗan garin masoro. A cakuɗa da hannu na minti ɗaya har ruwan ya shige cikin naman, kwanon ya zama ba ruwa a ƙasa. Sannan a barbaɗa ƙaramin cokali 2 na sitacin masara, farin garin nan mai santsi da ake kaurara miya da shi, a sake cakuɗawa. Daga ƙarshe a zuba babban cokali 1 na man gyaɗa a juya. A rufe a ajiye minti 15 zuwa 20.

Wannan jiƙon shi ne dalilin da ya sa kazar gidajen abincin Sinawa take da laushi da santsi, kuma kowane abu a cikinsa da aikinsa. Bekin soda na hana tsokar ƙanƙancewa ta matse ruwanta idan ta ji zafi. Aiki ɗaya suke yi da kanwa a tukunyar wake, amma ƙarfin kanwa ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, shi ya sa abin da ake iya aunawa ya fi. Kada a wuce kwatan cokalin nan, in ya yi yawa naman zai yi ɗanɗanon sabulu. Kada kuma a ɗauko bekin hoda na kek a madadinsa, ba abu ɗaya ba ne. Sitaci yana yi wa naman riga ya tsare ruwansa. Man da aka sa a ƙarshe shi ke raba yanka da yanka, ba su dunƙule a kasko ba.

Da an gama da ɗanyar kaza, a wanke katako da wuƙa da hannu da sabulu kafin a taɓa kayan lambu, tunda su ba za su daɗe a wuta ba.

Taliya

Asalin taliyar wannan girki siririya ce mai ruwan ɗorawa, ta alkama da ƙwai, ana samun busasshiyarta a manyan shagunan kayan abinci. Giram 200 ya isa. In ba a samu ba, akwai mafita biyu da ke aiki da kyau.

Ta farko ita ce taliyar leda ta yau da kullum, siririyar in akwai. Ledar giram 500 ce, a ɗebi ƙasa da rabi kaɗan. A tafasa ruwa lita 2 a tukunya mai girma, a zuba ƙaramin cokali 4 na bekin soda a hankali, domin ruwan zai yi kumfa ya taso. A zuba taliyar ba tare da an karya ta ba. Sodar za ta sa ta yi launin ɗorawa da danƙo irin na taliyar Sinawa, wadda dama da ruwa mai kanwa-kanwa ake kwaɓa irinta da yawa. Ta biyu ita ce Indomie ko makamanciyarta, ƙananan leda 3, a ajiye kayan ɗanɗanon cikinta gefe, ba a buƙatarsu.

Ko wacce aka zaɓa, a sauke ta kafin ta gama nuna. Ta leda a rage minti 2 daga lokacin da aka rubuta a jikinta. Indomie kuwa minti ɗaya da rabi ya ishe ta, da ta warware a sauke. A ciji sili ɗaya: ya kamata a ji ɗan tauri a tsakiya. Za ta ƙarasa a kasko, tana shan miya.

A juye a kwandon tsanewa, a ɗauraye da ruwan sanyi har zafin ya fita, ruwan ya wanke sitacin da ke sa ta manne da kuma ragowar soda. A girgiza kwandon da kyau, a zuba ƙaramin cokali 2 na mai a yamutsa, sai a baza ta a faffaɗan faranti ko tire, a bar ta ta sha iska aƙalla minti 10. In akwai fanka a ajiye ta gabanta. Mutane da yawa suna raina wannan mataki, alhali a nan ne girkin ke gyaruwa ko ya lalace. Jiƙaƙƙiyar taliya in ta shiga kasko tana kashe zafinsa nan take, suya ta koma turara, a ƙare da abu mai caɓi wanda bai da ƙamshin wuta. Taliyar da aka dafa tun safe ta kwana ko ta wuni a firij ma ta fi sabuwar dafawa kyau.

Miya

Ana haɗa ta a kofi tun kafin a ɗora kasko. Babban cokali 2 na soya sos mara duhu, ƙaramin cokali 2 na soya sos mai duhu, babban cokali ɗaya da rabi na oyista sos, ƙaramin cokali 1 na sukari, ƙaramin cokali 1 na binega, ƙaramin cokali 1 na man riɗi, kwatan ƙaramin cokali na farin masoro, ƙaramin cokali 1 na sitacin masara, da babban cokali 4 na romon kaza ko ruwa. A juya har sukari ya narke.

Soya sos ɗin nan biyu ba su maye gurbin juna. Mara duhun shi ne mai gishiri, shi ke ba da ɗanɗano. Mai duhun ya fi kauri, yana da ɗan zaƙi, aikinsa ba da launin nan na ƙasa-ƙasa mai sheƙi. Wanda ya zuba mai duhu cokali uku a matsayin mara duhu zai samu baƙar taliya mai ɗan ɗaci. In mai duhun ne babu, a narka ƙaramin cokali 2 na sukari a ƙaramin kasko har ya yi ja sosai, a zuba masa babban cokali 1 na mara duhun, a yi amfani da shi a cire sukarin da ke cikin awo.

Oyista sos miya ce mai kauri da ake yi da ruwan wata halittar teku mai ɓawo. Lee Kum Sheung ne ya fara sayar da ita a Guangdong a 1888, kuma kamfaninsa, Lee Kum Kee, har yau yana cikin waɗanda aka fi gani a shaguna. Ita ce ke ba girkin Kanton zurfin ɗanɗanonsa, kuma a ganinmu ta cancanci kuɗinta, don kwalba ɗaya tana yin girki da yawa in tana firij. Wanda jikinsa ba ya karɓar abincin teku masu ɓawo ya guje ta, akwai wadda ake yi da laimar kwaɗi irin wadda ake ci.

Masu girkin Kanton kan zuba giyar shinkafa ta Shaoxing a wannan abinci. Ba dole ba ce. Romo da ɗan binegar da ke cikin awon nan su suka tsaya a gurbinta, kuma Musulmin ƙasar Sin, irin su 'yan ƙabilar Hui, sun daɗe suna soya taliyarsu ba tare da ita ba. Shi kansa soya sos da ake tsimawa yakan samar da ɗan barasa kaɗan a yayin tsimin, don haka mai son kauce wa shakka ya duba tambarin halal a jikin kwalbar kafin ya saya.

Ba a sa gishiri ko dunƙulen magi a wannan miya. Gishirin da ke cikin soya sos da oyista sos ya isa, in ma romon da aka yi amfani da shi mai gishiri ne, gara a sa ruwa zalla.

Kayan lambu

Kabeji kofi 2 yankakke sirara, karas 1, koren tattasai 1, rabin albasa, tafarnuwa ƙwaya 3, ɗanyar citta girman kan babban yatsa, ganyen albasa 4. Mai son yaji ya ƙara attarugu 1. Komai a yanka shi dogo-dogo siriri, tsawon yatsa, don ya bi taliya in an ɗebo da cokali mai yatsu, kuma ya nuna da wuri. Karas ya fi kowa taurin kai, shi ya kamata ya fi sirantaka. Tafarnuwa da citta a yanka su ƙanana da wuƙa, kada a niƙa su, niƙaƙƙu suna kama kasko su ƙone. Ganyen albasa a raba farin gindin da koren saman. In an wanke kabeji, shi ma a tsane shi.

A jera komai kusa da murhu bisa yadda zai shiga: kaza, albasa da karas, kabeji da tattasai, tafarnuwa da citta da farin ganyen albasa, taliya, miya, koren ganye. A ajiye wankakken faranti na kwashe kaza.

Kasko da wuta

Sinawa suna amfani da wok, kaskon ƙarfe mai zurfi da faɗin baki. In babu shi, kasko mafi faɗi a kicin, mai faɗin santimita 30 ko fiye, ya isa. Murhun gidajen abinci yana ba da wutar da gas ɗin gida ba zai taɓa kamowa ba, ita ce ke kawo ɗan ƙamshin hayaƙin nan da ake ji a taliyarsu. Hanyar kusantar wannan a gida ita ce a rage abin da ke cikin kasko. Shi ya sa ake soya kaza dabam, ganye dabam, sannan a haɗa. Awon nan na mutum 3 shi ne iyakar abin da kasko ɗaya zai ɗauka a kan gas. In baƙi 6 ne, a yi sau biyu, kowane zagaye minti 8 ne kawai. In risho ne ko murhun lantarki mai sanyin wuta, ko wannan awon a raba shi biyu. Gawayi da ya ruru ya yi jajir yana ba da zafi mai kyau ƙwarai, sai dai ba a rage shi, in abu ya fara ƙonewa ɗaga kaskon ake yi.

Man gyaɗa ko man waken suya su suka dace, babban cokali 3 don suyar. In man gyaɗan na gida ne, a fara soya yankin albasa a ciki a kashe masa gafi. Manja da bota ba su shiga nan. Man riɗin da ke cikin miya na ƙamshi ne, irin wanda aka yi da soyayyen riɗi, in aka yi suya da shi ɗaci yake yi.

Suyar

A ɗora kaskon babu komai a ciki, wuta a ƙure, har sai ɗigon ruwa ya yi tsalle ya ɓace cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Sannan a zuba babban cokali 1 na mai, a karkata kaskon man ya zagaye. Kasko ya yi zafi kafin mai ya shiga, wannan ne ke hana nama kamawa. Amma in kaskon irin mai baƙin shafe ne wanda abinci ba ya kamawa, kada a bar shi a wuta babu komai, zafi mai tsanani yana lalata shafen. A sa man tun farko a jira ya fara sheƙi.

A zuba kaza a baza ta shimfiɗa ɗaya, a ƙyale ta. Hannu zai so juyawa, a daure daƙiƙa 50 zuwa minti ɗaya, har gefen yankan ya fara fari, ƙasan ya yi ja. Lokacin ne za ta saki kaskon da kanta. A juya a ƙara minti ɗaya. Da waje ya daina nuna ɗanye a kwashe a wankakken farantin nan, ko da cikin bai gama ba, za ta dawo wuta.

In sitaci ya kama ƙasan kasko, a kankare a goge da takarda. A ƙara babban cokali 1 na mai. Albasa da karas su shiga, a yi ta juyawa minti ɗaya. Kabeji da tattasai su biyo, minti ɗaya kuma. Sai a ture su gefe, a zuba tafarnuwa da citta da farin ganyen albasa da attarugu a tsakiya, daƙiƙa 15 kawai, da ƙamshi ya tashi a haɗe da sauran. Kabejin ya ɗan risina amma yana da sauran ƙarfi. In kaskon ƙarami ne, a kwashe ganyen a kan kazar.

A zuba cokalin mai na ƙarshe, a jira kaskon ya dawo da zafinsa, a zuba taliya a baza. A bar ta daƙiƙa 40 ba a taɓa ba, ta ɗan gasu a ƙasa, a juya, a sake barinta daƙiƙa 30. Kunne yana taimakawa a nan: muddin ana jin ƙarar suya mai kaifi, lafiya lau. In ƙarar ta mutu, tururi ya yi yawa, a daina juyawa a bar kaskon ya farfaɗo. Wajen juyawa a yi amfani da cokula biyu na katako, ana ɗagawa daga ƙasa ana saki. Dannawa da murzawa suna yanka taliya.

A sake juya miyar da ke kofi, domin sitaci ya kwanta a ƙasa. A kwarara ta ta gefen kaskon, a zagaye, maimakon a juye a tsakiyar taliya. In ta bi ƙarfe mai zafi tana tafasa kafin ta iso ƙasa, soya sos ya ɗan gasu, ƙamshinsa ya fito. A mayar da kaza da ruwan da ta fitar a faranti, da ganyen in an kwashe, a jujjuya minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. An gama idan babu ruwa a ƙasan kasko, kowane sili ya yi launi ɗaya yana sheƙi. A raba yankan kaza mafi kauri a duba, ya zama fari har ciki. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 74 a ma'aunin Celsius. A watsa koren ganyen albasa, a juya sau biyu, a sauke. A ɗanɗana, in gishiri bai ji ba a ɗiga soya sos kaɗan. A kai tebur nan take, in ta jima a kasko taliyar na ci gaba da nuna.

In girkin bai fito daidai ba

Taliya ta caɓe ko ta gutsuttsure: an dafa ta ta nuna sosai tun a tukunya, ko ba ta bushe ba. Wannan ba ya gyaruwa a kasko, sai dai a kiyaye gaba. In dunƙulewa ta yi, ba a ɗauraye ta ba ko ba a shafa mata mai ba, kuma babban cokali 2 na ruwan zafi a gefen kasko yakan warware ta. Ruwa ya taru a ƙasa: kaya sun yi wa kaskon yawa, ko an sa wa kabeji gishiri ya saki ruwansa. A kwashe rabi, a ƙure wuta, a ƙarasa kashi-kashi. Ɗaci kusan kullum daga ƙonanniyar tafarnuwa ne. In ta yi baƙi, a kwashe ta a zubar, a goge kaskon a sa sabuwa, don ɗacinta yana bin abincin gaba ɗaya. Gishiri in ya zarce, a ƙara dafaffiyar taliya ko kabeji, da 'yar matsar lemun tsami.

Kaza mai tauri tana da dalili uku: an yanka ta da kauri, an bi tsawon zare, ko an bar ta a kasko tun farko har ƙarshe. In kuwa fari fat ta fito tana iyo cikin ruwanta, kaskon bai yi zafi ba lokacin da ta shiga, ko an juya ta da wuri.

Wannan awon yana karɓar naman sa mai laushi a madadin kaza, sai dai a ba shi minti 30 a jiƙo. Mai son ƙwai ya kaɗa guda 2, ya soya su tun farko kafin kaza, ya kwashe, ya mayar tare da ita. Abin da ya rage a sa shi firij cikin awa 2, a ci cikin kwana 2 zuwa 3. Wajen ɗumamawa a zafafa kasko da ɗan mai, a zuba taliyar da babban cokali 1 na ruwa, a jujjuya minti 2 zuwa 3 har ta yi zafi har ciki.